Abu Salih ba likitan mahaukata ba ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Tun daren Lahadin da kuka yi shiri a rediyo kan marigayi Farfesa Husaini Sulaiman Abu Salih na nan Sudan raina bai kwanta ba. Sau uku na ƙirga mai gabatarwa yana kiransa likitan ƙwaƙwalwa, ban ce komai ba. A na huɗu sai ya yi barkwanci, wai wanda ya saba da masu taɓin hankali ba zai sha wuyar zama da 'yan siyasa ba, har aka yi dariya. Haba Malam! Abu Salih likitan tiyata ne, mai buɗe ƙoƙon kai ya yi aiki a kan ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi. Mai duba masu taɓin hankali aikinsa daban. Idan shi kuke nema, ga Tijani Almahi nan da ya rasu a 1970, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa. Ko direban raksha, babur mai ƙafa uku, kuka tara a hanya zai bambance muku su.

Sannan kuka ƙarar da lokacin kan kujeru: ya yi ministan harkokin waje a 1988 zamanin Sadiƙ Almahadi, ya sake yi daga 1993 zuwa 1995 zamanin Albashir. To sai me? Ministocin waje nawa aka yi a ƙasar nan? Amma wanda ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Sha'ab na Khartum a farkon shekarun 1970 mutum ɗaya ne. Kafin nan mai hali ya ɗauki mara lafiyarsa zuwa Alƙahira ko Landan, talaka kuwa sai addu'a. Wannan a jimla ɗaya kuka wuce shi kamar wanda ake kora.

Ni ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma na ci arzikinsa. A 2016 'yata tana wata huɗu kanta ya fara girma. Hular da uwarta ta saƙa mata ta daina shiga. Maɗigarta ta kumbura ta yi tauri, jijiyoyi suka fito ruɗu-ruɗu a goshi, idanunta kullum ƙasa suke kallo, sai farin kawai ake gani a sama. An yi rubutu, an yi hayaƙi, wata gwaggo ma ta ce a yi mata sakiya. Wata biyu muka ɓata, saboda duk wanda muka ce wa za mu je wurin likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce jaririya ce za ta haukace? Kun ga inda kalmar nan taku take kai mutane.

Da muka je aka ɗauki hoton kai, likitan ya ce ruwa ne ya taru. Ruwan kowa yana da shi, ƙwaƙwalwa ke yinsa kullum yana zagayawa yana tsiyayewa, nata hanyar ce ta toshe. Ya sa mata siririn bututu, daga cikin kai ya bi ta bayan kunne, ƙarƙashin fata, har cikin ciki. Yau ma idan na shafa wuyanta ina jinsa kamar igiya. Likitan nan a sashen da Abu Salih ya kafa ya koyi aiki, da bakinsa ya faɗa mini.

Kun ce marigayin mutum ne mai riƙon iyali, shi ke nan, ba ɗa, ba jika, ba wanda kuka nema ya faɗa mana yadda zama da irin waɗannan mutane yake. Ni na ga kaɗan a wurin almajirinsa. Ƙarfe ɗayan dare ya leƙo ɗakinmu, ya tarar da maiɗakina tana kuka a kan tabarma. Ya tsuguna ya ce, 'yar'uwa, ni ma ina da kamarta a gida, rabon da in same ta a farke kwana huɗu. Ya ciro waya ya nuna mata hoton. Abincin da matarsa ta aiko masa tun magariba yana hannunsa a leda, ya yi sanyi, ya ajiye mana ya fita. Matan nan da 'ya'yan nan ba su cancanci minti biyu a shirinku ba?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, washegarin shirin wata maƙwabciya ta shigo, a gaban yarinyar, ta ce ashe wurin likitan mahaukata kuka kai ta? A rediyo ta ji, kuma ai rediyo ba ya ƙarya. Taɓin hankali ciwo ne kamar kowane ciwo, ban raina masu shi ba, amma kun san mutanenmu, kun san abin da irin wannan magana ke yi wa 'ya mace ranar da aka zo neman aurenta. Yarinyar da ke karatunta lafiya, ta sauke izu biyar. Tun da yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya koro mu Gadarif, fargabata ɗaya ce, kada bututun ya toshe. Da ta ce kanta na ciwo ko ta yi amai da safe, cikina ya ɗuri ruwa. Wannan ya ishe ni, ba sai kun ƙara mini da bakin maƙwabta ba.

Wani abu kuma, tunda na samu fili. Saƙon gaisuwa biyar na aiko bana, ko ɗaya ba a karanta ba, kullum Kano, Maraɗi, Kumasi. Mu ma fa Hausawa ne, daga Mai Wurno har Kasala muna kunna ku.

A gyara maganar a shiri na gaba, a daidai lokacin da aka yi ta, don maƙwabciyata ta ji.

Mai sauraronku,
daga Gadarif, Sudan