Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Wuta na Masu Injinan Casar Shinkafa

Assalamu alaikum. Kwamitin da kuka ɗora wa gyaran ɗakin wutar injinanmu a nan Sakkwato yana sanar da ku cewa aiki ya kammala, an gwada, kuma makullai suna hannun mai kula da ɗakin.

Ginin bai ba mu wahala ba. An sake rufin kwano, an yi silin, an buɗe tagogin iska masu raga saboda ƙura da ƙaiƙayi. Zafin Afrilu a garin nan yakan haura digiri 40, kuma kayan wuta ba sa jure masa a rufaffen ɗaki.

Inda kuɗi ya fi tafiya shi ne cikin akwatin wuta. An sa mita mai auna layukan wuta uku da injinanmu ke aiki da su, da na'urar sarrafa janareta, da ma'aunin tankin dizal. Dukkansu suna aika bayani ta kebul, a tsarin Modbus da na'urori ke magana da juna da shi, zuwa ƙaramin akwati mai layin sim. Mai izini zai buɗe Chrome a wayarsa ko kwamfuta, ya sa kalmar sirri, ya ga komai ko yana kasuwar Illela: ƙarfin wuta, wanda ya kamata ya tsaya kusa da bolt 415 tsakanin layi da layi, lodin da kowane layi ya ɗauka, zafin inji, awannin da janareta ya yi, da abin da ya rage a tanki. Gardamar "ina man jiya?" dai ta samu alƙali.

Babban amfanin yana ga motocin lantarki masu juya injinan casa. Idan layi ɗaya ya faɗi, mota takan ci gaba da juyawa a kan biyu, tana jan wuta fiye da kima har koyil, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone. Yanzu na'urar kariya ce ke yanke ta nan take, saƙo kuma ya shigo waya. Kariyar tana cikin ɗakin, ba ruwanta da sabis ya ɗauke ko bai ɗauke ba.

Mun yi doguwar muhawara kan tayar da janareta daga nesa. Matasanmu sun so, dattawa suka ƙi, kuma kwamiti ya bi dattawa. Mutum yana gida ba ya ganin hannun makaniki a kan bel. Don haka daga waya kashewa kawai ake iya yi, ita ma shugaba da injiniya kaɗai. Sauran mambobi kallo ne nasu. Kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita an canza ta tun ranar farko.

Abin da ya rage a wuyanmu shi ne kuɗin data duk wata, da kakkaɓe ragar tagogi idan hunturu ya shigo. Rasitai suna wajen ma'aji, duk mai son dubawa ya same shi kafin zama na gaba.