Ƙanƙantar Fitilar Kyamara Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan ƙananan fitilun LED na kyamara, wato 'yan ƙwayayen lantarkin da ke haskawa lokacin ɗaukar hoto (filasha), domin na lura masu ƙera su sun fi damuwa da ƙanƙantarsu fiye da kyawun haskensu.

Tsohuwar filasha mai iskar zenon tana tara wuta kusan bolt 300 (bolt ma'aunin ƙarfin lantarki ne), sannan ta sake ta cikin ƙiftawar ido, shi ya sa take kama yaro yana gudu kamar an dasa shi. Ita kuwa LED bolt 3 zuwa 4 ya ishe ta, amma ƙarfinta bai kai ba, dole ta ɗan jima a kunne, sai abu mai motsi ya fito dishi-dishi. In kuma aka ƙara mata wuta, zafi ya taru a matsattsen wuri, haskenta ya ragu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne launi. Farar LED asalinta shuɗiya ce da aka lulluɓe da sinadari mai ruwan ɗorawa, ja ya yi mata ƙaranci, sai fuska ta koɗe kamar ta majinyaci. Kamfanin Apple ya rage wannan matsala a 2013 da wayarsa iPhone 5s, inda ya haɗa farar fitila da mai ruwan zuma. Wannan, da gilashin baza haske mai tausasa inuwa, su ya kamata maƙera su sa a gaba.

Naka,
Mai karatu