Zuwa tashar bincike a Antatika ba yawon shaƙatawa ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan rahoton da kuka buga game da masu binciken kimiyya da ke zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara ta kudancin duniya, domin hotunan da kuka haɗa shi da su, na mutane cikin jajayen rigunan sanyi suna murmushi a kan ƙanƙara, suna iya sa mai karatu ya ɗauka shaƙatawa ce ta kai su. Duk wanda ya san yadda ake isa waɗannan tashoshi ba zai yi musu wannan kallo ba.

Mu ɗauki hanyar da Amurkawa ke bi. Tun kafin mutum ya bar gida sai likitoci sun duba shi ciki da waje, har da haƙora, saboda can babu babban asibiti, kuma ba a manta da Leonid Rogozov ba, likitan Tarayyar Sobiyat da dole ta sa ya yi wa kansa tiyatar afendis a Antatika a 1961. Daga nan sai birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, inda ake raba kayan sanyi, a zauna jiran yanayi. Jirgin soja samfurin C-17 yana cin kamar awa biyar kafin ya kai tashar McMurdo ta Amurka a Antatika, amma idan iska ta taso a can, sai ya juyo da fasinjojinsa bayan an yi nisa, gobe a sake gwadawa.

Saukar ma ba ita ce fara aiki ba. Sai an koya wa baƙo kafa tanti cikin iska, da kunna risho don narkar da ƙanƙarar da zai sha, da amfani da rediyon oba-oba. Akwai wani darasi da ya yi suna, wanda ake kifa wa mutane farin bokiti a ka, su riƙe igiya ɗaya, su fita neman abokin aikin da aka ce ya ɓace. Abin dariya ne ga mai kallo, amma haka duniya take komawa idan guguwa ta ɗebi ƙanƙara, mutum ba ya ganin ko tafin hannunsa.

Wanda aikinsa yake tashar Amundsen-Scott, a ƙuryar kudancin duniya, zai sake hawa jirgin LC-130 mai sauka a kan sulɓi. Tashar tana kan tudun ƙanƙara mai tsayin mita 2,835 daga saman teku, don haka ciwon kai da haki su ne ke fara yi wa baƙo maraba, a ce ya yawaita shan ruwa, kada ya ɗauki kaya masu nauyi. Rana ba ta faɗuwa daga Satumba har Maris, barci sai an toshe taga. Wanka sau biyu ne a mako, minti bibbiyu, tun da kowane ɗigon ruwa sai an ƙona mai kafin a same shi. Daga tsakiyar Fabrairu kuwa zirga-zirgar jirage kan tsaya sai wajen ƙarshen Oktoba, shi ya sa kowace rana da yanayi ya cinye take ci wa mai bincike rai.

Wannan wahala ba a banza ake shan ta ba. Awon da aka yi shekara da shekaru a tashar Halley ta Birtaniya shi ya bayyana ramin da ya samu a shimfiɗar ozon, iskar sama mai kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, a 1985, abin da ya ƙara wa yarjejeniyar Montreal ta 1987, ta kare wannan shimfiɗa, ƙarfi. A Dome C kuma, inda tashar Concordia ta Faransa da Italiya take, an haƙo ƙanƙara daga zurfin fiye da mita 3,000, wadda kumfar iskar cikinta ta adana tarihin yanayi na shekara 800,000.

Roƙona shi ne, idan za ku sake kawo labarin, ku faɗi abin da aka je aunawa, ku kuma ambaci makanikai da masu dafa abinci da matuƙa jirage, waɗanda in janareta ya tsaya cikin dare su ne ke fita, ba masanan ba.

Naku,
Wani mai karatu