A daina koya wa masu tasowa sanya 777

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan wata shawara da ke yawo a bakin masu koyar da haɗa shafin intanet. Wai in ka ɗora manhaja a sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet, ta ƙi aiki, ka mayar da izinin fayiloli 777, komai zai tafi daidai. Ni na bi wannan shawara, na kuma ɗanɗana kuɗata.

Aikina na farko ke nan, wata ƙaramar ƙungiya ta ba ni haɗa mata shafi da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet. Na sauke manhajar, na warware ta a kwamfutata, na buɗe FileZilla, manhajar tura fayiloli zuwa sabar, na ja fayilolin zuwa public_html, foldar da shafi ke zama a cikinta. Sun haura dubu, intanet kuma ya yi ta yankewa, sai da na yi ta bin waɗanda suka maƙale ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ne na gane cewa ɗora dunƙulen ZIP ɗin da manhajar ta zo a ciki ta cPanel, wato allon sarrafa shafi da kamfanin sabar ke bayarwa, a warware shi a can ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shafi dai ya tashi. Amma da na zo sa hoton farko sai ya ƙi, wai ba zai iya buɗe folda a cikin wp-content/uploads ba. Na tambayi wani da ya riga ni a harkar, ya ce, "Ƙanena, sa 777 kawai." Na sa, har na ƙara da danna akwatin nan da ke cewa a bi duk foldodin da ke ciki. Nan take hoto ya hau, ni kuwa na ɗauka na zama gwani.

Ba a yi wata biyu ba shugaban ƙungiyar ya kira ni da sassafe, ya ce duk wanda ya buɗe shafinsu sai a wuce da shi wani wurin caca. Da na leƙa, sai ga wani fayil na PHP, yaren da aka rubuta WordPress da shi, mai suna kamar an watsa haruffa, zaune a tsakiyar hotuna. Ban ce 777 ne kaɗai ya shigo da ɓarawo ba, wani tsohon ƙarin manhaja da ban sabunta ba shi ya bar taga a buɗe. Amma da ya shigo, ni ne na riga na cire masa kwaɗon kowane ɗaki, ya yi ta rubutu inda ya ga dama.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, lissafin nan bai kai a ɓoye wa ɗalibi ba. Tsari ne da ya faro tun daga Unix, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, a farkon shekarun 1970, takwararta Linux da ke kan sabobi da yawa ta gada. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, gudanarwa 1. Lamba ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta kowa da kowa. Ka haɗa 4 da 2 ka sami 6, wato ya karanta ya rubuta. Don haka 644 na nufin mai fayil ya gyara abinsa, saura su karanta kawai, kuma shi ne daidai ga yawancin fayiloli. Folda kuwa 755, domin a wurin folda wannan 1 ɗin ita ce izinin shiga cikinta. Nan ma na taɓa yin gyaran gangar auzinawa: garin tsoro na bi komai da 644 har da foldodi, shafi ya rufe ruf, sai kuskuren 403, wato an hana shiga, yake nunawa. To 777 fa? Kowane asusu da ke kan sabar ya karanta, ya rubuta, ya gudanar. Wasu sabobin ma ba sa yarda, da sun ga fayil na PHP a haka sai su maido maka da kuskuren 500, wato matsala daga sabar.

Kuma ashe matsalata tun asali ba ta lamba ba ce, ta mallaka ce. Fayilolin na ƙarƙashin wani asusu, sabar na gudanar da PHP da wani daban. Da na rubuta wa kamfanin da muke hayar sabar a wurinsu, da umarni ɗaya na chown, mai canza mamallakin fayil, suka gyara.

Roƙona ga masu koyarwa, ku tsaya ku nuna wa yaran nan wp-config.php, fayil ɗin saitunan WordPress, ku ce musu kalmar sirrin rumbun bayanai na ciki, a matse shi zuwa 640 ko 600 gwargwadon yadda sabar ta yarda. Ku kuma raba su da tura fayiloli ta FTP tsura, wanda ke aika kalmar sirri a fili, tunda SFTP, mai ɓoye ta, na nan a cikin FileZilla ɗin da suke riƙe da shi.

Kwana uku na yi ina share shafin nan. Fayil ɗin da na tsinta har yau yana kwamfutata, na canza masa suna, shi nake fara buɗe wa duk wanda ya zo koyo a wurina.

Naku,
Wani mai haɗa shafukan intanet