Tallan Christie da kuɗin guguwar Sandy

Malam Edita,

Bayan guguwar Sandy ta ɗaiɗaita gaɓar tekun jihar New Jersey a Amurka a 2012, jihar ta ware dala miliyan 25 daga tallafin gwamnatin tarayya domin tallan dawo da masu yawon buɗe ido. Har nan ba laifi, garuruwan gaɓar da baƙi suke ci.

Inda gizo ke saƙa shi ne kwangilar. Kamfanin talla na MWW ya karɓe ta a kan dala miliyan 4.7 a matsayin kuɗin aikinsa, alhali kamfanin Sigma da ya nemi kwangilar shi ma ya nemi kimanin miliyan 2.5. Tallan MWW kuma ya nuna Gwamna Chris Christie da iyalinsa a talabijin a 2013, shekarar da yake neman wa'adi na biyu, yayin da dubban iyalai ke jiran kuɗin gyaran gida.

Ɗan majalisa Frank Pallone ne ya nemi a bincika. Binciken ma'aikatar gidaje ta tarayya a 2014 bai ga aibu a tallan ba, amma ya gano jihar ba ta yi nata ƙiyasin kuɗin aikin ba kafin ta ba da kwangila. To da me aka auna farashin? A ganina ya kamata doka ta haramta sa fuskar ɗan takara a duk tallan da aka biya da kuɗin agaji.

Naku,
Mai karatu