Ko Akanta Ne Zai Cike Takardar Haraji, Sai da Rasit

Mai girma Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka domin in gyara wata fahimta da ta yaɗu tsakaninmu 'yan kasuwar karkara, wato cewa idan mutum ya biya akanta ya cike masa takardar bayanin kuɗin da ya samu a shekara, to ya rabu da wahalar ajiye rasit. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na je Dutse wurin wani akanta, ɗauke da littafin da nake rubuta cinikin riɗi da zoɓo a ciki, ina neman ya shirya mini takardu domin in karɓi shaidar biyan haraji.

Ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa kan kuɗin motar da na rubuta daga Maigatari zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, ya ce: "Alhaji, ina shaidar wannan?" Na zaro takardun POS daga aljihu, sai na ga zafi da gumi sun goge rubutun, saura farar takarda kawai. Ya bayyana mini cewa aikinsa lissafi ne, ba ƙirƙirar adadi ba, kuma doka ta yarda a cire abin da aka kashe wajen gudanar da kasuwanci kafin a yanka haraji, amma idan hukuma ta nemi hujja aka rasa, tana da ikon yanke haraji bisa nata ƙiyasin, kuma mai dukiyar ne zai biya, ba akantan ba.

Maganar ta ƙara nauyi da sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, wadda ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, ta kuma ba mai zaman gidan haya rangwamen cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa daga kuɗin da za a yanka wa haraji, amma abin da za a cire ba zai wuce naira 500,000 ba. Wanda ya miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu ba tare da takarda ba, da me zai nemi wannan rangwamen?

Sai dai a yi mana adalci. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, manomin da ya kawo buhu biyu a amalanke ba ya bayar da rasit, haka ma ɗan dako. Don haka ina kira ga hukumomin tara haraji na Jigawa da Kano su bayyana a rediyo, da Hausa, irin shaidar da suke karɓa daga irinmu, ko bayanin asusun banki ne, ko tikitin kasuwa, ko littafin ciniki mai kwanan wata da sa hannun dillali.

Ni dai yanzu duk takardar da na karɓa, ina ɗaukar hotonta da waya nan take, in jefa ta cikin gwangwani mai murfi, domin akantan ya ce a ajiye su shekara 6, kuma ranar 31 ga Maris ce wa'adin miƙa bayanin kowace shekara.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwar riɗi, ƙaramar hukumar Maigatari, Jihar Jigawa.