Rahoton Ayyukan Shekara Daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan ɗakin gwaji.

Bana zaman karatunmu na wata-wata ya tsaya kan tambaya guda: me ya sa za a ƙirga ƙwayoyin maniyyin mutum a same su da yawa, suna ninƙaya lafiya lau a ƙarƙashin madubi, amma shekaru su shuɗe ba haihuwa?

Mun fara da binciken masana kimiyya Austin da Chang na 1951, wanda ya nuna cewa ƙwayar maniyyi sai ta ɗan jima a jikin mace ta "nuna" kafin ta iya shiga ƙwai. Daga nan muka shiga CatSper, furotin ɗin da aka gano a 2001, wanda yake kamar ƙofa a wutsiyar ƙwayar, yana buɗewa sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki. Nan ne muka fi daɗewa, har sai da aka ƙara zama. Kalsiyam ɗin ne ke sa wutsiyar ta daina kaɗawa a hankali ta koma bulala mai ƙarfi, irin wadda za ta huda rigar ƙwai. A 2011 aka nuna cewa sinadarin furojestaron na kewayen ƙwan mace ne ke buɗe wannan ƙofa a jikin ɗan Adam. Namijin da ƙofarsa ta lalace, gwajin da muke yi kullum ba zai tona shi ba. Wata 'yar uwa ta ce ashe takardar da muke sa wa hannu "lafiya" ta sha jawo wa mata sunan juya a banza. Ɗakin ya yi tsit.

Sauran furotin ɗin mun bi su da sauri: Izumo na jikin maniyyi da Juno na jikin ƙwai, waɗanda aka gano a 2005 da 2014, su ne ke riƙe juna, sai PLC zeta na cikin ƙwayar maniyyi, da aka gano a birnin Kadif na Birtaniya a 2002, mai tada ƙwan daga barci bayan shigar ƙwayar. A ganina wannan na ƙarshe mun yi masa rowar lokaci, ga shi kuwa yana bayyana dalilin da wani lokaci ko an cusa ƙwayar da allura ƙwan ke yin shiru.

Mun kuma yi bita kan littafin gwajin maniyyi na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 6 na 2021, wanda ya sa ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin mafi ƙarancin ma'auni. Janareta ya ba mu kunya, muka ƙarasa da fitilar waya.

Wayar da kan maza ba ta yi armashi ba. Mata ne suka cika wurin. Badi za mu bi ta hannun limamai da masu unguwanni. Ma'aji kuma yana jiran masu bashin kuɗin wata kafin babban taro.

Sakatare